Ƙarar Da Ke Zuwa Ta Ɗauke A Motar Rangadi

Hakimi ya fita rangadi, an yi tafiyar awa guda lafiya lau, sai a ji wani abu a ƙarƙashin mota yana ƙwanƙwasawa, ko yana gurnani. Jim kaɗan ya yi shiru. Da an komo gida a kai motar gareji, makaniki ya shiga ya zaga gari da ita, ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ji kome ba." Kashegari kuwa, da an bar gari da nisa, sai ga ƙarar ta komo.

Daga nan ɗayan abu biyu kan faru. Ko dai a saba da ƙarar a ƙyale ta, har ran da ƙarfe zai karye a tsakiyar daji, inda ba gareji ba inuwa, ga mutanen ƙauye can sun taru suna jiran Hakimi. Ko kuwa makaniki ya shiga lalube, yau ya sake wannan gobe ya sake wancan, a kashe kuɗin akwatin giya sukutum alhali kuwa laifin na wata 'yar gaɓa ce wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Makaniki ba ya iya gyara abin da bai ji ba. Saboda haka aikin farko ba nasa ba ne, na waɗanda ke cikin motar ne sa'ad da ƙarar ta zo, kuma kayan aikin farko alƙalamin magatakarda ne, ba sufana ba.

Hanyar da ƙarfin inji ke bi

Kafin a san inda ƙara take fitowa, lalle ne a san hanyar da ƙarfi ke bi daga inji zuwa ƙasa. Daga inji ya shiga kuloci, daga kuloci ya shiga akwatin giya. A motar da ke ja da ƙafa huɗu akwai wani akwati na biyu manne a bayan na farko, wanda waɗansu direbobi ke kira ogzileri. Aikinsa raba ƙarfi, rabi gaba rabi baya. Daga gare shi dogayen sanduna biyu na ƙarfe suka fita, ana kiransu farfela, ɗaya ta nufi aksil na gaba, ɗaya ta nufi na baya. A bakin kowace farfela akwai gaɓa mai siffar gicciye, makanikai na ce mata kuros, ita ke barin sandar ta lanƙwasa tana juyi. A tsakiyar kowane aksil kuma akwai wani tulu cike da haƙoran ƙarfe, watau difarensha, wanda ke barin ƙafar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Daga tulun nan sanduna biyu suka kai ƙarfi ga ƙafafu, kowace ƙafa tana juyi a kan boris.

Duk waɗannan ɗaure suke da shasi ɗaya, ƙarfe kuwa yana kai sauti nesa. Ƙarar da aka ji kamar ƙarƙashin kujerar direba take, mai yiwuwa ne daga ƙafar baya ta taso. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Don haka tambayar "ina take?" ba ta cika amfani da fari ba. Tambayar da ta fi ita ce "yaushe take zuwa?"

Motocin kuma ba iri ɗaya ba ne, ya kamata Hakimi ya san irin tasa. Land Rover, wadda ta fara fitowa a Ingila a 1948, kuma ta zama motar rangadi a zamanin En'e, tsohuwarta da ƙafafun baya kaɗai take ja a hanya mai kyau, sai an danna sanda mai rawayan kai, ko an ja mai jan kai baya, sa'an nan ta kama da huɗu. Land Cruiser mai lamba 70 da Hilux, waɗanda suka fi yawa a hannun ma'aikata yanzu, haka tsarinsu yake, sai dai alamarsu 2H da 4H da 4L. Amma Land Rover da aka ƙera daga 1983, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, kullum da huɗu take ja. Tana da difarensha na uku a cikin akwatin rabo, wanda ake kullewa in an shiga yashi ko taɓo.

Abin da magatakarda zai rubuta

Ƙarar da ke zuwa ta ɗauke ba da ka take zuwa ba. Akwai abin da ke kiranta: wani gudu, ko zafin ƙarfe, ko nauyin kaya, ko kwana, ko irin hanya. Sai dai mutum ba ya riƙe waɗannan a ka, balle bayan kwana uku. To, a ware shafi a littafin mota. Duk sa'ad da ta zo, magatakarda ya dubi agogo, ya dubi mita, ya tambayi direba, ya rubuta: an yi minti nawa ana tafiya, gudu nawa ake yi, wace giya, da biyu ake ja ko da huɗu, ƙafar direba tana kan totur ko ya ɗaga, hanya miƙaƙƙiya ce ko kwana, kwalta ce ko burji mai gargada, hawa ake ko gangara, mutum nawa ke ciki da kaya nawa. In an ƙetare ruwa a ranar ko jiyanta, a rubuta. Ya kuma rubuta abin da ya sa ta ɗauke, gama wannan ya kan fi kome fallasa ta.

Irin ƙarar ma a faɗe ta da Hausa sosai, kada a tsaya ga "mota tana ƙara". Bugu ɗaya ne, kwaram, ko ƙas-ƙas-ƙas a jere? Gurnani ne kamar niƙa, ko kuka mai tsini da ke hawa da gudu? Da girgiza ko babu? Wanda ke da wayar hannu ya ɗauki sautin, ya faɗi gudun mota da bakinsa a cikin ɗaukar, domin makaniki ya ji da kunnensa.

Ga misalin rubutu mai amfani: "Bayan tafiyar minti 40. Kwalta, gudu 60, giya ta huɗu, ana ja da biyu. Kuka daga baya in an taka totur, in an ɗaga ƙafa ya ɗauke. Da safe ba a ji ba." Layi uku ke nan, amma makaniki na ƙwarai da ya karanta ya san zai fara da duba man tulun baya.

Wani abu kuma, sai Hakimi ya sassauta wa direba. Direban da ke tsoron faɗa ba zai ce ya manta mota a 4H ya hau kwalta ba, ko ya faɗa rami da gudu shekaranjiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a nuna masa labarin ake nema, ba mai laifi ba.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kafin a zargi akwatin giya, a duba notin tayoyi. Noti sako-sako yana ƙwanƙwasawa, yana zuwa yana ɗaukewa, kuma shi ne ke iya kisa a yini ɗaya. Sa'an nan a fitar da jak da sufanu da duk tarkacen da ke bayan mota. A girgiza salansa in ta huce, a ga ko tana taɓa shasi. A duba ƙarafan da suka ɗaure sifirin da aksil, da robobin shokozoba, da robobin da inji da akwatin giya ke zaune a kai, domin in ɗaya ta tsage inji ya kan karkata a kan hawa, wani ƙarfe ya taɓa wani, a sauka ya daina. A cire tsakuwar da ta maƙale a taya ko a bayan gangar birki. Da kaka kuma ciyawa kan naɗe a farfela, wannan ban da ƙara har gobara tana jawowa.

Jarrabawa a kan hanya

In an wuce wannan, sai a nemi hanya marar cunkoso, a mai da mota cikin halin da littafi ya nuna ƙarar na zuwa. In sai ta yi zafi ne, a yi tafiyar har ta yi zafi. In sai da kaya ne, a ɗora kayan. Makaniki ya zauna a ciki, kuma kowane gwaji abu ɗaya tak za a sauya.

Da fari a raba tsakanin inji da ƙafafu. Ƙarar na cikin yi, direba ya taka kuloci ya bar mota ta gangara da kanta. In ƙarar ta bi inji ta faɗi, to daga inji ne ko abin da ke kusa da shi. In ta ci gaba tana bin gudun mota, to daga akwatin giya ne zuwa ƙafafu. Ƙarar da ke zuwa sa'ad da aka taka kuloci kaɗai, ko mota na tsaye, boris ɗin kuloci ne. Wadda ake ji mota na tsaye a firi, in an taka kuloci ta ɗauke, tana cikin akwatin giya. Haka kuma in ana jin kuka a giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku amma ya yi sauƙi a ta huɗu, akwatin giya ne, domin a yawancin motocin nan ƙarfi a giya ta huɗu miƙewa yake yi kai tsaye, ba ya bi ta sandar ƙasa ta akwatin.

Sa'an nan a ƙirga bugun. Wannan dabara ce mai sauƙi da ba a cika kula da ita ba. Taya mai lamba 7.50 x 16 kewayenta kusan mita 2 da rabi ne, watau juyi ɗaya a cikin kamar taku uku na mutum. Farfela kuwa ta fi taya saurin juyi ƙwarai: a tsohuwar Land Rover sau 4.7 take juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, a Defender sau 3.54. To, a ja mota a hankali, yaron mota ya bi gefe da ƙafa, nesa da taya. In bugu ɗaya ne a kowane taku uku, laifin na taya ne, ko birki, ko boris, ko sandar aksil. In bugun ya fi taku yawa, a dubi farfela.

Boris ɗin ƙafa gurnani yake yi, kuma yana amsa sitiyari. A karkata mota hagu da dama sannu-sannu a fili. In gurnanin ya ƙaru sa'ad da aka karkata hagu, galibi na dama ne, domin nauyi can ya koma. In an tsaya a kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ita ce abin tuhuma, ko da yake birki mai kamawa ma yana kawo zafin. Tulun aksil shi kuwa totur yake amsawa, ya yi kuka in an taka ya yi shiru in an ɗaga, ko akasin haka, kuma sau da yawa a wani gudu ƙayyadadde. Ƙas-ƙas a jere in an murɗe sitiyari duka ana ja, gaɓar ƙafar gaba ce. A Hilux ta zamanin nan gaɓar nan tana cikin jakar roba mai ninki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da robar ta yage giris ya fita, yashi ya shiga, gaɓar ta soma cinyewa.

Bugu ɗaya mai nauyi sa'ad da aka tashi, ko aka sa ribas, ko aka ɗaga ƙafa aka sake takawa, alamar wasa ce a wani wuri cikin layin. Kuros aka fi samu da wannan.

Ɗaurewar ƙarfe a kan kwalta

Akwai wata ƙara da ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana da yawa a motocin rangadi kuma ba lalacewa ke kawo ta ba, ita ce ke kawo lalacewa. In aka sa 4H, ko aka kulle difarensha na tsakiya a Defender, farfelar gaba da ta baya sun zama sanda ɗaya, tilas su juya daidai. Amma a kan kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A yashi ko laka taya sai ta ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta ba ta zamewa, sai ƙarafa su yi ta murɗewa kamar igiyar da ake tufka, sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa a kwana, can sai a ji bam, taya ta fizge. Sandar ogzileri ma ta ƙi fita. Direba ya ce mota na da aljanu, domin a daji ba ta yi, sai an shigo gari. Maganinsa a fita daga huɗu tun kafin a hau hanya mai tauri. In sandar ta ƙi, a ja da baya a miƙe 'yan mitoci kaɗan, ko a sa ƙafafun gefe ɗaya a kan yashi, za ta saki.

Tayoyin da ba su daidaita ba suna kawo irin wannan ko a miƙaƙƙiyar hanya. Taya mai kewayen mita 2 da rabi tana juyi 400 a kilomita guda. In na gaba sun gaza na baya da santimita 5 kacal a kewaye, don sun fi cinyewa ko don wani kamfani ne ya yi su, za su nemi juyi 408. Juyi takwas ɗin nan a kowace kilomita haƙoran ƙarfe ne ke shan wahalarsu. Saboda haka sayen taya ɗai-ɗai, kowace da irinta, arha ce mai tsada. A auna kewayen tayoyin da igiya, a daidaita iskarsu, kafin a kwance kome.

Motocin da ke da makulli a cibiyar ƙafafun gaba, mai rubutun FREE da LOCK, a tabbata duka biyu wuri ɗaya suke duba. Yara kan murɗa su a kasuwa. Wanda bai shiga sosai ba ya kan yi ƙarar tatata ya daina. Kuma ko da rani, a kulle su a yi 'yar tafiya kowane wata domin mai ya zaga kayan gaba. Littafin Toyota kilomita 16 ya ambata.

A ƙarƙashin mota

Nan aikin makaniki ne, amma ya kamata magatakarda ya san abin da za a yi don ya ga an yi. A kashe inji, a tsaya a wuri mai daidai, a sa wa tayoyi weji gaba da baya, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A Land Rover akwai abin lura: birkin hannu ba ƙafafu yake kamawa ba, farfelar baya yake kamawa a bayan akwatin rabo. In aka ɗaga ƙafar baya ɗaya, motar tana iya gangarawa ko da an ja shi. Kuma in ana gwada farfela sai an sake shi, in ba haka ba zai ɓoye wasan da ake nema.

Makaniki ya kama farfela kusa da kowane kuros, ya murɗa, ya tura sama da ƙasa. Wasa ko kaɗan a cikin gicciyen laifi ne. Jan gari kamar na tsatsa a bakin kofunansa alama ce 'yan alluran ƙarfen da ke ciki sun bushe. Amma fa kuros da ya ƙage ba ya wasa, yana nan daram kamar lafiyayye, sai ya yi zafi ya soma ƙiƙi da girgiza. Ba a gane shi sai an sauke farfela an lanƙwasa gaɓar da hannu. Kafin a sauke a yi alama da fenti a mahaɗa, domin a mayar yadda take.

Sa'an nan mai. A buɗe notin cikawa na akwatin giya, da na rabo, da tulu biyu, man ya kamata ya kai bakin kafar. Ƙarancinsa shi ne sanadin yawancin kukan da ke jiran zafi kafin ya fito. In an tsiyaye shi a kwano mai tsabta a dube shi a rana. Laushin toka-toka a kan mayen ƙarfen noti ba kome ba ne, amma ɓarɓashi mai walƙiya ko guntun haƙori ya nuna ciki ya soma ci. Mai da ya koma fari-fari kamar kunu ruwa ya sha. Da damina aksil mai zafi in ya faɗa ruwan mashigi sai ya huce farat ɗaya ya zuƙo ruwa, musamman in 'yar kafar shan iskarsa ta toshe da laka. Tsohuwar Land Rover man giya mai lamba 90 take sha, amma waɗansu akwatunan na baya mai tsinkakke suke so, a bi littafin motar.

In har yanzu ana shakka tsakanin gaba da baya, akwai gwajin da ke raba gardama. A sauke farfelar baya, a sa 4H, ko a kulle na tsakiya, a yi 'yar tafiya a hankali da ƙafafun gaba kaɗai, bayan makaniki ya tabbata gangar birkin hannu tana ɗaure kuma mai ba zai zuba ba. Sa'an nan a mayar, a sauke ta gaba. Wadda aka sauke ƙarar ta ɗauke, ko ta sauya, wajenta za a bincika. Aikin awa biyu ne, ya fi sauke akwatin giya a kan zato.

Lokacin da za a tsaya

Ba kowace ƙara ke hana rangadi ba. Kuka siriri da ya daɗe bai ƙaru ba ana iya tafiya da shi zuwa ranar gareji, muddin akwai mai. Amma in girgiza ta zo farat ɗaya tana ƙaruwa, ko cibiyar ƙafa ta yi zafi har tana wari, ko ƙarar da da take ɗaukewa ta daina ɗaukewa, sai a tsaya nan take. Farfelar baya in ta tsinke daga bakinta na gaba, ƙasa take soka, tana iya fasa bututun birki ko ta kifar da mota. Gara a kwance ta a gefen hanya, a sa a bayan mota, a lallaɓa zuwa gida da ƙafafun gaba.

In an yi gyara, Hakimi ya sa a kawo masa tsohon ƙarfen da aka cire, makaniki ya nuna masa inda ya lalace. Magatakarda ya rubuta kwanan wata, da lambar mita, da sunan abin da aka sake, da kuɗinsa, a ƙarƙashin shafin nan na ƙara. Kada a rufe shafin sai an sake bin hanyar da ƙarar ta saba zuwa, da irin kayan, da irin gudun, har sau biyu ko uku ba a ji ta ba.